Digirin digirgir a dokar ƙaura: a gida, a maƙwabta ko a Turai?

Wanda ya gama mastarsa ta shari'a a Ngaundare, Marwa, Garwa ko Injamena, kuma hankalinsa ya karkata ga dokokin ƙaura da yarjejeniyoyin zirga-zirga tsakanin ƙasashe, hanyoyi huɗu ne a gabansa. Ko ya yi rajista a jami'ar gida, ko ya tafi wata ƙasar Afirka, ko ya nemi gurbi mai albashi a Turai, ko kuma ya haɗa jami'ar gida da ta waje a kundi ɗaya, wato kotutel. Yawancin matasan da ke tambaya sun riga sun jera su a ransu, Turai a sama, gida a ƙasa. A wannan fannin dai ban yarda da wannan jerin ba. Tambayar da za ka bincika ce ya kamata ta zaɓa maka wuri.

Ma'aunai

Ma'auni na farko shi ne inda hujjojinka suke. Batutuwan wannan fanni sun kasu gida biyu, kuma kowanne da inda ake samun kayan aikinsa.

Akwai na ƙofar gida. Ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, sun amince tun 2013 cewa ɗan kowace ƙasa zai shiga sauran ba biza har kwana 90, amma sai a taron Injamena na ƙarshen Oktoban 2017 aka tabbatar da cewa kowa ya aiwatar. Duk wanda ya taɓa tsallake gadar Ngeli daga Kusiri ya san tazarar da ke tsakanin takarda da hanya: layin babura da manyan motoci, mai kaki ya karɓi katinka ya juya shi gaba da baya, ya nemi katin rigakafi, kai kuma hannunka na cikin aljihu yana laluben canji. Kotun CEMAC da ya kamata ta fassara wannan haƙƙi a Injamena take zaune. Hukumar CEBEVIRHA mai kula da harkar dabbobi da takardun makiyaya masu ƙetare iyaka ita ma a can take. Sannan Kamaru da Cadi ba sa cikin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, saboda haka yarjejeniyarta ta 1979 kan zirga-zirga ba ta shafi ɗan kasuwar Garwa da ke zuwa Yola ko Mubi ba. Abin da ke tsakanin Kamaru da Najeriya yarjejeniya ce ta su biyu tun 1963. Ga yarjejeniyar ɓangarori uku ta Maris 2017 tsakanin Kamaru, Najeriya da HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da masu gudun hijira, kan mayar da 'yan gudun hijirar sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo a Kamaru bisa raɗin kansu. Ga dokar mafaka da Cadi ta kafa a Disambar 2020, wadda yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya ɗora mata nauyin dubban ɗaruruwan mutane ta garin Adre da ke kan iyaka. Ga kuma yarjejeniyar Tarayyar Afirka ta 2018 kan 'yancin zirga-zirga, wadda ke buƙatar amincewar ƙasashe 15, amma Mali, Nijar, Ruwanda da Sao Tome ne suka tabbatar da ita aka tsaya cik.

Akwai kuma na tsakaninmu da Turai: sashe na 13, mai magana kan ƙaura, na yarjejeniyar Kwatano ta 2000 tsakanin Tarayyar Turai da ƙasashen Afirka, Karibiyan da Pasifik, yarjejeniyar Samoa ta 2023 da ta gaje ta, taron Valletta na 2015 kan ƙaura da asusun da ya haifar, yarjejeniyar da Faransa da Kamaru suka sa wa hannu a 2009 kan tafiyar da ƙaura, da dokar Nijar ta 2015 kan safarar baƙin haure wadda sojoji suka soke a Nuwamban 2023. Rukunin farko yana son ƙafa da harshe: Hausa, Fulatanci, Larabcin Cadi, Barbarci. Na biyu yana son ɗakin karatu mai kyau da kusanci da Burasel.

Sauran ma'aunan huɗu ne. Kuɗi: nawa za ka kashe, wa zai ciyar da kai shekara uku zuwa biyar. Ƙarko: bayan shekara goma, wannan digiri zai buɗe maka ƙofa a ina. Sauƙi: na samun gurbi da na yin aikin kansa. Haɗari: me zai iya tsayar da kai a tsakiya. Malamin da zai duba aikin kuwa ya ratsa dukkansu, domin a digiri na uku mutum kake bi, ba gini ba.

Jami'ar gida

Ngaundare ce babbar yaya a arewa, jami'a ce tun 1993 kuma tsangayarta ta shari'a da kimiyyar siyasa ta daɗe tana yaye daktoci, cikinsu har da 'yan Cadi da yawa. Marwa ta zo a 2008, Garwa a 2022. Can kudu akwai Yawunde ta biyu a Soa, tare da IRIC, cibiyar nazarin hulɗar ƙasa da ƙasa da aka kafa a 1971. A Cadi akwai Jami'ar Injamena, ita ma ta 1971.

Ta fuskar kuɗi babu mai kama ƙafar wannan hanya. Kuɗin rajista na asali a jami'o'in gwamnatin Kamaru sefa 50,000 ne a shekara. Sai dai kada wannan adadi ya ruɗe ka. Ba wanda zai biya ka albashi, kuma kai za ka ɗauki kuɗin motar zuwa fili, wato wurin bincike, na buga kundi kwafi-kwafi, da ɗawainiyar ranar kare kundi. Shi ya sa kusan kowa ke haɗawa da wani aiki, koyarwa a makarantar kuɗi ko aiki da ƙungiyar agaji, kuma shi ya sa shekara ukun da ke takarda ke miƙewa ta zama biyar ko shida.

Shiga ba ta da sauƙin da ake zato. Mastar bincike ake so, ba ta sana'a ba, da maki mai kyau, da farfesan da ya yarda ya ɗauke ka. A 2023 ma'aikatar ilimi mai zurfi ta Kamaru ta dakatar da ɗaukar sababbin ɗaliban digirin digirgir a jami'o'in gwamnati, abin da ya nuna cewa sanarwa ɗaya daga Yawunde na iya rufe ƙofar gaba ɗaya. Wannan shi ne babban haɗarin hanyar. Na biyu shi ne malami. Farfesoshin dokar ƙasa da ƙasa ba su da yawa, ɗalibai sun yi musu yawa, wasu kuma na riƙe da muƙamai. Babi ɗaya na iya kwana wata da watanni a kan tebur. Kafin ka ce wa kowa "Farfesa, ina son ka duba ni", nemi tsofaffin ɗalibansa biyu ko uku ka tambaye su shekara nawa suka yi.

Inda gida ya yi zarra shi ne fili. Kana Marwa, Mokolo na kusa da kai. Kana Injamena, magatakardar kotun CEMAC, hukumar tafkin Cadi da aka kafa a 1964, hukumar CNARR mai kula da 'yan gudun hijira da ɗakin karatun CEFOD mai tarin dokokin Cadi duk tafiyar babur ce. Tsohuwar da ta gudo daga garin Banki na Najeriya za ta gaya maka da Hausa ko Barbarci abin da ba za ta faɗa ta bakin tafinta ba. Amma fa sai da izinin bincike daga hukuma, kuma wasu sassan Mayo-Sava, Mayo-Tsanaga da bakin tafki ba wurin zuwa da littafi da biro ba ne. Matsalar littattafai ta ragu: shafin intanet na Refworld mai tarin dokokin mafaka kyauta ne, haka OpenEdition mai mujallun bincike, ga kuma shirin GOALI da ke buɗe wa jami'o'in ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun shari'a idan jami'ar ta yi rajista.

Ƙarkonsa kuwa, idan koyarwa a gida kake nufi, ya fi kowanne. Ba ruwanka da neman takardar daidaita digiri, kuma kundin da aka kare a dokar jama'a yana da mazauni a tsarin CAMES, majalisar da ke tantance digiri da matsayin malaman jami'a a ƙasashen Afirka masu Faransanci.

Wata ƙasar Afirka

Nan akwai wuri ɗaya da ake yawan mantawa da shi, wanda ma a cikin Kamaru yake duk da cewa na Tarayyar Afirka ne: reshen Jami'ar Pan-Afirka da ke Soa, mai ba da digirin digirgir a fannin shugabanci da haɗewar yankuna. Ana ba da cikakken tallafi, ana nema ta intanet, akwai iyakar shekaru, kuma gasar ta nahiya ce baki ɗaya. Ga mai son nazarin CEMAC ko yarjejeniyar 2018, wurin ya dace sosai. Abin lura guda: ba digirin shari'a ba ne.

Wannan gargaɗin ya shafi cibiyoyin da suka fi suna a nahiyar. Cibiyar nazarin ƙaura ta Jami'ar Gana da ke Legon da cibiyar ACMS ta Jami'ar Wits a Johannasbag duk suna da ƙwararru, amma nazarinsu ya haɗa ilimin zamantakewa, labarin ƙasa da tattalin arziki. Ƙungiyoyin duniya irin su OIM, hukumar ƙaura ta duniya, na maraba da irin wannan digiri. Tsangayar shari'a a ƙasashenmu kuwa tana tambaya ne: dokar jama'a ka yi ko dokar ɗaiɗaiku? Wanda ya ce "nazarin ƙaura" sai a rasa kujerar da za a ba shi. Mai son shari'a tsantsa da Turanci ya duba cibiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Jami'ar Pretoriya.

Najeriya ce ta fi kusa da zuciyar Bahaushe, kuma ga Zariya, Kano da Maiduguri da tsangayoyin shari'a masu tarihi. Rayuwa ba za ta yi maka baƙunta ba, tuwo da masallaci duk irin na gida. Amma tsarin shari'arsu na Ingila ne, rubutu da Turanci, baƙo yana biyan fiye da ɗan ƙasa, ga yajin aiki: na 2022 ya ci wata 8. Idan batunka kwatanta CEDEAO da CEMAC ne, ko iyakar Fotokol da Gamboru, to wahalar ta biya. In ba haka ba, Dakar, Saint-Louis ko Rabat sun fi sauƙi ga mai Faransanci. A Rabat ɗin ne ma Tarayyar Afirka ta buɗe cibiyarta ta sa ido kan ƙaura a Disambar 2020, kuma Maroko na ba ɗaliban Afirka tallafi ta hannun gwamnatocinsu.

Gurbi mai albashi a Turai

Magana ce ta gurbin da aka biya, ba wanda mutum zai sayar da gonar gado ya tafi ba. Wannan na biyun ban ma sa shi a lissafi ba.

A Faransa kwantiragin digirin shekara 3 ne, albashinsa Yuro 2,200 a wata a 2025 kafin a cire haraji. Da yake Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ya haura sefa miliyan 1.4. Da jin haka sai kai ya yi nauyi, amma haya a Paris kaɗai na iya cinye kusan rabin abin da ya rage, ga 'yan'uwa a gida da suka riga suka ji labari. A 2025 rajista ba ta kai Yuro 400 a shekara ba, kuma ƙarin kuɗin da aka ɗora wa baƙi a digiri na ɗaya da na biyu bai shafi na uku ba. A Holan ɗalibin ma'aikaci ne na shekara 4. Shirin Marie Curie na Tarayyar Turai yana ɗaukar ɗan kowace ƙasa, da sharaɗin kada ya kasance ya zauna fiye da wata 12 a ƙasar da zai je cikin shekara 3 da suka wuce, sharaɗin da bai taɓa mai nema daga Garwa ba. Ana tallata irin waɗannan gurabe a shafin EURAXESS.

Wuraren da suka yi suna a fannin sanannu ne: Migrinter a Poitiers, ƙungiyar EDEM a Louvain da haɗakar Odysseus a Burasel, cibiyar dokar ƙaura ta Nijmegen, IMIS a Osnabrück, cibiyar ƙaura ta Janiba da Vincent Chetail ke jagoranta, da cibiyar nazarin 'yan gudun hijira ta Oxford. Ɗan Kamaru na iya neman tallafin Commonwealth, tunda ƙasar ta shiga a 1995. Ɗan Cadi ba shi da wannan. Littattafai, taruka, malami mai karanta babi cikin mako biyu, duk akwai.

Abubuwa biyu ne ba a cika faɗa ba. Na ɗaya, gurbin da ke ƙarƙashin babban shiri yakan zo da tambayarsa a rubuce, kuma sau da yawa tambayar Turai ce: yaya za a mayar da waɗanda aka hana mafaka, yaya za a tsare hanya tun daga Agadas. Tambayoyi ne na gaske, amma yawancin masu ƙaura a yankinmu Logone suke tsallakewa, ba Bahar Rum ba. Idan abin da ke cin ranka makiyayin da aka tsare a Tubaro ne, karanta tallar sau uku kafin ka nema. Na biyu ya fi ban haushi. Da zarar ka zama ma'aikacin jami'ar Turai, dokar tafiyarta ta hau kanka. Ma'aikatar harkokin wajen Faransa ta shafa wa Arewa Mai Nisa da bakin tafkin Cadi jan launi, kuma jami'in tsaron jami'a na iya hana ka zuwa bincike a garin da aka yanke maka cibiya.

Samun gurbin shi ne mafi wuya cikin huɗun: gurbi ɗaya, masu nema daga duniya, Turanci mai kyau a wajen Faransa da Beljiyam, sannan biza. Wajen ƙarko, ƙofofin ƙungiyoyin duniya a buɗe suke, amma dawowa gida na buƙatar daidaita digiri, kuma wanda ya yi shekara biyar ba a gan shi a tsangaya ba sai ya fara gaisuwa daga farko. Ɗan Kamaru ya kuma tuna cewa dokar 1968 ba ta yarda da zama ɗan ƙasa biyu ba. Gwamnatin Kamaru ta ba da izinin ɗaukar daktoci 2,000 aiki a jami'o'i daga 2019 zuwa 2021, har da na waje, amma 'yan ƙasa.

Kotutel

Jami'o'i biyu su sa hannu a yarjejeniya saboda kai kaɗai, malamai biyu, zama kaɗan can kaɗan nan, kare kundi sau ɗaya, digirin kuma ƙasashen biyu su amince da shi. A ganina ita ce ta fi dacewa da wannan fanni, domin tana ba ka fili da ɗakin karatu a lokaci guda. Kuɗin rajista yawanci wuri ɗaya ake biya a kowace shekara. Tallafin zaman waje na 'yan watanni yakan fito daga sashen al'adu na ofishin jakadancin Faransa, ko ƙungiyar jami'o'i masu Faransanci ta AUF, ko tallafin Eiffel. Shi Eiffel jami'ar Faransa ce ke miƙa sunanka, ba kai ba, saboda haka samun malami ne gaba da komai.

Wahalarta takarda ce. Yarjejeniyar sai ta bi ofis-ofis a ƙasashe biyu, wani lokaci shekara ta wuce ba a gama sa hannu ba. Kuma in malaman biyu ba su jitu ba, kai ne ciyawar da giwaye ke takawa: wannan na son tsari mai kashi biyu irin na malaman shari'ar Faransa, wancan na son hirarraki. Hanyar ta fi tafiya daidai idan su biyun sun riga sun san juna. Tambayi malaminka na gida inda ya yi karatu da waɗanda yake rubutu da su. Daga nan ake farawa.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Jami'ar gida | Rajista kaɗan, ba albashi | Mai ƙarfi a gida da CAMES | Fili kusa, gurabe a ƙidaye | Jinkirin malami, rufe ɗauka |
| Wata ƙasar Afirka | Matsakaici. A Soa akwai tallafi | Ya danganta da sunan digirin | Biza ba wuya, harshe na iya zama cikas | Yajin aiki, digirin da ba na shari'a ba |
| Turai da albashi | Ana biyan ka, rayuwa da tsada | Mai ƙarfi a waje, sai an daidaita a gida | Shiga da wuya, aiki da sauƙi | Tambayar wani, hana zuwa fili |
| Kotutel | Tallafin 'yan watanni | Ƙasashe biyu | Takardu da yawa | Saɓanin malamai |

Wa ya dace da wace

Ma'aikacin gwamnati, alƙali, jami'in duwan ko na shige da fice, mai iyali da albashi, ya zauna gida. Abin da yake gani kullum a ofis ɗalibin Turai ba zai same shi ba, muddin ya kiyaye sirrin aiki. Haka 'yar'uwar da barin yara na shekara huɗu ba zai yiwu mata ba: rajista a Ngaundare ko Injamena, daga baya ta nemi zaman wata uku a waje, ya fi mata ajiye burin gaba ɗaya.

Mai son zama malamin jami'a, kuma batunsa na CEMAC ne, ko makiyaya, ko Minawao, ko Adre, ya nemi kotutel, digirin kuma ya kasance a dokar jama'a. Mai hangen aiki a HCR, OIM ko Tarayyar Afirka, wanda ba ya damuwa da kujerar tsangaya, Soa, Legon ko Wits sun ishe shi, kuma Turancin da zai ƙaru da shi riba ce. Wanda batunsa yarjejeniyar Samoa ne, ko mayar da baƙi, ko sabon tsarin mafakar Turai da aka amince da shi a 2024, to Turai ce wurinsa, in ya samu mai biya.

Wanda kuma ba shi da kuɗi, ba shi da wanda ya sani a waje, ya fara da rubuta shawarar bincike ta shafi biyar zuwa goma a kan tambaya ɗaya ƙarama, misali me yarjejeniyar 2017 ta ce game da komawa bisa raɗin kai kuma wa ke tabbatar da shi a Minawao. Ya kai wa farfesan gida da hannunsa, ya aika wa malamai uku ko huɗu na waje waɗanda ya karanta rubutunsu da gaske, kowanne da wasiƙarsa daban. Yawancin tallafin da ke farawa a Satumba ana rufe nemansu tsakanin Oktoba da Janairun da suka gabace shi, saboda haka rubutun ya kamata ya kammala tun damina ba ta ɗauke ba.